Ɗan Farina Ya Koma Kiwon Gizo-gizo, Kakarsa Ta Ce Iska Ce

Assalamu alaikum Anti. Ina rubuto miki ne daga wani ƙauye a yankin Ringim, Jihar Jigawa. Ɗana na fari shekararsa 13, yana aji ɗaya a ƙaramar sakandare. Tun kakar bara ya tsiri kama wasu 'yan mitsi-mitsin gizo-gizo masu tsalle yana sa wa a robar lemo, yana ɓoyewa bayan rumbu. Sai ya tasa su gaba ya yi ta kallo, a yi ta kiransa bai ji ba. Rannan na leƙa robar, sai wani baƙi mai farin layi a gadon baya ya juyo ya zuba mini ido, tsigar jikina ta tashi. Da ƙanwarsa ta wayi gari da ƙuraje masu ruwa a wuya, kakarsu ta ce fitsarin tautau ne. Ta ce kuma abin da zai juyo ya kalli mutum ba ƙwaro ba ne, iska ce ta shafi yaron, a kai shi wurin mai magani. Babansu ya tattake robobin, ya zane shi. Yau kwana tara ke nan ba ya magana sai an tambaye shi, tuwo ma sai ya tsakura ya tashi. Ni kuwa, da yake ɗan farina ne, ba ni da bakin kare shi a gaban kakarsa. Abin nan yana da dafi? Haramun ne? Ko dai da gaske wani abu ke damun ɗana?

Uwa mai damuwa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya yayyafa wa lamarin ruwan sanyi.

Cikin duk abin da kika rubuto, wurin da na tsaya na sake karantawa shi ne kwana taran nan. Gizo-gizon ba su tayar mini da hankali ba, ƙurajen ma za su warke da yardar Allah. Yaro ɗan shekara 13 da ya ɗauke hira, ya rage cin tuwo, shi ne abin da ba a jinkirta shi. Sai dai na san ba za ki tunkari babansa da kakarsa hannu rabbana ba, sai kina riƙe da abin faɗa. To bari in fara gaya miki abin da ke cikin robar nan.

Kallon da ya yi miki halittarsa ce. Gizo-gizo iri-iri ne, masana sun ƙidaya sama da nau'i 50,000 a duniya, kuma dangin da ya fi kowanne yawa a cikinsu shi ne na masu tsallen nan, waɗanda littattafan kimiyya ke kira Salticidae. Su kaɗai sun haura nau'i 6,000. Masu saƙa a kusurwar ɗaki, waɗanda muka fi sabawa da su, ganinsu ba shi da ƙarfi, zama suke yi su jira motsin zare. Shi mai tsalle ba ya ɗana tarko. Mafarauci ne, da rana yake fita, kuma da ido yake neman abinci, kamar kyanwa. Idanunsa takwas: manya biyu a gaba kamar fitilun mota, ƙanana biyu a gefensu, sauran huɗun kuma sun bi gefen kansa har wajen ƙeya. Ƙananan aikin gadi suke yi, ko ta bayansa abu ya gifta sun hango. Manyan biyun su ne masu tantancewa, suna ganin launi da siffa tar, sai dai abin da suke ɗauka a lokaci guda ɗan kaɗan ne, kamar mai leƙe ta kafar ƙyaure. Da kika matso da fuskarki, masu gadin suka hango wani babban abu ya motsa. Shi kuwa ba shi da wuyan waiwaye, dole ya juya jikinsa ɗungurungum ya saita manyan a kanki don ya san ko mene ne. Da akuya ce ta leƙo, haka zai yi mata.

Na yi shekaru ina koyar da kimiyya a wata makarantar ƙauye a Jihar Kano, kuma akwai bangon wani aji da rana ke bugawa da hantsi. A nan na fara tsayawa na kalli farautarsa daga farko har ƙarshe. Ƙuda ya sauka kamar taƙi ɗaya daga inda yake. Ya juyo. Ya ɗan ruga, ya tsaya cak. Da ya matso kusa sai ya koma sanɗa, cikinsa kusan yana taɓa bango, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, har sai da na ƙagu. Sai na ga ya dangwala ƙarshen jikinsa a bangon. Silili yake liƙawa, kamar mai haƙar rijiya da zai ɗaura igiya a ƙugu kafin ya sauka. Ya daka tsalle, ƙudan ya tashi, ya kuskure shi. Maimakon ya faɗo ƙasa sai ga shi yana reto a zarensa, ya hau abinsa ya koma inda ya taso, ya sake juyawa yana neman wani. Wani abin mamakin kuma, ba shi da kakkaurar cinya irin ta fara. Ruwan jikinsa yake turawa da ƙarfi cikin ƙafafun baya su miƙe farat ɗaya, kamar yadda jak ɗin ɗaga mota ke aiki da mai. Da haka wasunsu ke tsallake ninkin tsawon jikinsu sau goma ko fiye. Ranar sai da aka kaɗa ƙararrawa sau biyu kafin na bar gindin bangon nan. Shi ya sa da kika ce a yi ta kiran ɗanki bai ji ba, na san abin da ya riƙe shi.

Gane su ba wuya. A duba fuska, in an ga manyan idanun nan biyu a gaba, magana ta ƙare, don babu wani dangin gizo-gizo a bangon gidajenmu mai irin wannan fuskar. Jikinsu curarre ne mai gashi, ƙafafu gajeru, girmansu daga ƙwayar gero zuwa ƙwayar wake. Tafiyarsu a fizge take, a ruga, a tsaya, a juya. Kuma ba za ki taɓa samunsu zaune a tsakiyar yana suna jiran abinci ba. Saƙar da suke yi ita ce 'yar farar jaka a cikin tsaga ko a naɗin ganye, inda suke kwana, suke saɓa, mace ta yi ƙwai.

Wanda ya kalle ki, baƙi mai farin layi a gadon baya, siffarsa ta yi daidai da namijin wani nau'i da ake kira Plexippus paykulli, wanda ya bazu a ƙasashe masu zafi kuma yake son zama kusa da mutane. Tsawonsa kamar santimita ɗaya, yana da wasu fararen layuka a gefe da gefe. Matarsa ruwan ƙasa ce, ba ta da ado kamarsa, sai ɗige biyu masu haske wajen ƙarshen bayanta, har mutum ya ɗauka ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai wani mai ruwan toka, shafaffe, da ke lafewa a bangon siminti ko jikin bishiya har ya saje da wurin, sunansa Menemerus bivittatus, asalinsa ɗan Afirka ne kafin jiragen ruwa su yaɗa shi duniya. Akwai kuma Hasarius adansoni, ɗan ƙarami, namijin baƙi da ja-ja a fuska da fararen 'yan hannuwa a gaban baki da yake ta kaɗawa. Wasu ma kwaikwayon tururuwa suke yi, su ɗaga ƙafafun gaba biyu kamar ƙahonninta, sai an ƙirga an ga ƙafa takwas ake gane ba ita ba ce. In ana son bambance namiji da mace, 'yan hannuwan nan na gaban baki ake dubawa: na namijin da ya balaga kansu a kumbure yake kamar hannun ɗan dambe da aka naɗe, na mace siriri ne, cikinta kuma ya fi cika.

Maganar dafi, gaskiya yana da shi, kamar kusan kowane gizo-gizo. Amma dafin kashe ƙuda ne. Da wuya ya ciji mutum sai an matse shi, ƙananan ma haƙoransu ba sa iya huda fata. In ya ciza, ɗan ja da ƙaiƙayi ne irin na cizon sauro ko cinnaka, a wanke da sabulu shi ke nan. In kuma wurin ya kumbura fiye da kima, a je asibiti, kamar yadda za a yi da harbin zuma.

Abin da nake ji wa ɗanki tsoro shi ne inda yake cusa hannu wajen nema. Ƙarƙashin dutse, tarin kara, gindin rumbu, ramin bango, nan ne gidan kunama, nan kuma kububuwa ke lafewa, ita da cizonta ke hana jini tsayawa. Sannan akwai wani gizo-gizo a ƙasashen Afirka da dama wanda dafinsa ya fi ƙarfi: cikinsa dunƙulalle mai sheƙi, ƙafafu sirara, yana rataye ƙafafu sama a cikin hargitsattsiyar yana ƙarƙashin kujera ko tsofaffin tarkace, da tambari mai ruwan lemo a ƙasan cikinsa, jakar ƙwansa kuma da tsinkaye kamar ƙarangiya. Wannan ba a taɓa shi. Abin sauƙin shi ne masu tsalle ba sa bukatar a tone ko'ina. A fili suke yawo, a jikin katanga, kan danga, kan ganyen wake, da rana tsaka. Ki kafa masa doka ɗaya da ba sassauci: abin da ido bai gani a sarari ba, hannu ba ya zuwa.

Ƙurajen ƙanwarsa kuwa, mun taso muna jin fitsarin tautau, kuma ban ga laifin Inna, kakarsu, da ta faɗi abin da ta gada ba. Sai dai gizo-gizo ba ya fitsarin da ke ƙona fata. Yawancin irin wannan tabon na wuya ko fuska da ake tashi da shi da safe aikin wasu ƙwari ne masu zuwa hasken fitila, irin su hangara, da wani siririn ƙwaro mai ja da baƙi. Ruwan jikinsu ne ke sa fata ta yi bororo in mutum ya murje su cikin barci. Akwai kuma ciwon fata da ƙwayoyin cuta ke kawowa. Ki kai ta asibitin da ke kusa a duba, kada a fasa ƙurajen, kada a shafa toka ko man birki. In ma'aikacin lafiya ya faɗi abin da ya jawo da bakinsa a gaban babansu, ya sauke miki rabin kayan.

Batun haramci, ni ba mai ba da fatawa ba ce, limaminku na kusa. Amma ga abin da kowane ɗalibi ya sani. Akwai sura sukutum a Alƙur'ani mai sunan gizo-gizo, Ankabut, sura ta 29, inda aya ta 41 ta buga misali da raunin gidansa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha. A littattafan nan biyu dai aka ruwaito matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. In kin haɗa biyun za ki ga inda nauyin yake: duk abin da ka tsare, cinsa da shansa sun hau wuyanka. Wannan shi ne abin da za a ɗora wa yaron, kuma ba ƙaramin tarbiyya ba ne.

Yanzu ga babbar tambayarki. Yaron da ke iya zama awa guda yana lura da halitta mai girman ƙwayar dawa, yana kama mata ƙuda, yana ɓoye ta inda kaji ba za su kai ba, ban ga alamar taɓuwa a tare da shi ba. Natsuwa na gani, irin wadda malamai ke nema a aji da kyar su samu a yara biyu cikin hamsin. Abin da zai sa in ce a garzaya asibiti daban ne: ya daina barci, ya riƙa magana da wanda ba a gani, ya daina wanka, ya kasa gane mutanen gida, ko ya riƙa jin daɗin azabtar da dabbobi. Ba ki ambaci ko ɗaya ba. Shirun nan ya fara ne ranar da aka tattake abin da ya yi wata da watanni yana tattali, aka doke shi, sannan ya ji da kunnensa ana cewa ba shi da lafiyar kai. Babba ma aka yi wa haka sai ya shiga ɗaki. Ki lura da shi sosai, in shirun da ƙin cin abincin suka zarce wasu makonni biyu ko suka ƙaru, to ki nemi ma'aikacin lafiya. Kai shi wurin mai magani a turara shi a ce ana korar iska, wannan zai tabbatar masa da cewa abin da ya fi so a ransa cuta ne. Ina roƙonki kada ki bari a kai ga nan.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wani tattabara, wani zomo, ɗanki kuma ga nasa. A Amurka da Turai kuɗi mutane ke sawa su sayi wani nau'in mai tsalle, Phidippus regius, ɗan asalin yankin Florida, su ajiye a ɗaki. A 2012 wani saurayi ɗan shekara 18 daga Iskandariyya ta ƙasar Masar, Amr Mohamed, ya ci wata gasar kimiyya ta duniya da tambaya guda: shin gizo-gizo mai tsalle zai iya farauta a sararin samaniya, inda abu ba ya da nauyi? Aka ɗauki wata aka kai tashar sararin samaniya, ta yi kusan kwana 100 a can, ta kuwa koyi kama ƙudajenta. A gaɓar tafkin Victoria a Kenya akwai wani nau'in, Evarcha culicivora, da aka ba suna a 2003, wanda abincin da ya fi so shi ne macen sauro da ta sha jini. A nan Najeriya, wata masaniya 'yar ƙasar Poland, Wanda Wesołowska, da abokan aikinta sun wallafa nazari kan masu tsallen kudancin ƙasar a 2011, da na yankin Kalaba a 2012, suka fito da nau'o'in da ba a taɓa rubutawa ba. Jami'ar Bayero da Jami'ar Tarayya ta Dutse suna da sassan nazarin halittu, kuma daga Ringim ba nisa.

To yaya za a yi da gida? Alkunya ta hana ki kiran sunansa, ta hana ki tsaya masa a tsakar gida, na yarda, kuma ba zan ce ki yar da ita ba. Amma ba ta rufe miki duk ƙofofi ba.

Ki fara da babansa, ku biyu, da dare, bayan ya ci ya huta. Kada ki buɗe da cewa ya yi kuskure. Tsoro ne ya sa shi, ya ga 'yarsa da ƙuraje, ga mahaifiyarsa ta yi magana, namiji kuwa ba ya son a ga ya kasa tsawatarwa a gidansa. Ki ce masa yaron nan fa ba ya cin abinci, hankalinki ya ƙi kwanciya. Ki bar shi ya fara jin wannan. Sannan ki kawo abin da aka ce a asibiti, ki roƙe shi ya tambayi malamin kimiyyar makarantarsu da liman kafin a yanke maganar mai magani. Magana ɗaya daga bakin malami ta fi goma daga bakinki tasiri a wannan gaɓar, ba don taki ba ta da daraja ba, sai don haka zaman gidan yake. In yaron yana da kawu ko gwaggo da yake sakewa da su, ki jawo su, abin da uwa ba ta iya faɗa a kan ɗan fari gwaggo na faɗinsa da ƙarfi.

Inna kuwa kada ki yi gardama da ita ko kaɗan. Tsakanin kaka da jika akwai wasan da ke buɗe abin da hujja ba ta buɗewa. Ita da ke kiransa maigidanta, in an sami kwana biyu ƙura ta lafa, shi da kansa zai iya kai mata kwalba ya ce ta zo ta ga mai gadin da ya ɗauko mata, mai kama sauro. Ta ga an jefa sauro, ta ga an cafke. Gani ya kori ji. Ita ce fa ta ba shi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi tun yana kan cinya, ba baƙon gidanta ba ne.

In babansa ya sassauto, ki ba shi sharuɗɗan da zai gindaya da bakinsa, don ya zama shi ya ba da izini: kada su wuce biyu, kada su shiga ɗakin kwana, ba a zuwa wurinsu sai an dawo daga boko da islamiyya an gama aiken gida. Ni zan ƙara da cewa ya riƙa sakin kowanne bayan mako biyu ko uku a daidai inda ya kama shi, ya kamo wani. Ya fi koyon abu da yawa a haka, haƙƙin ma ya fi sauƙi.

Kiwon kansa yana da ƙa'ida, kuma ina zargin robar lemo a bayan rumbu ta kashe masa wasu tun kafin babansa ya taka. Kowane ɗaya da mazubinsa, don in aka haɗa biyu ɗaya zai cinye ɗaya. Kwalbar bama ko robar alewa mai faɗin baki ta fi, a wanke ta tas. Su a can sama suke saƙa jakar kwanansu, saboda haka in murfi na sama, kullum aka buɗe an yaga musu ɗaki. Dabarar ita ce a kifa robar, murfin ya koma ƙasa, a huda ƙananan kafofi da yawa a gefe da allura mai zafi don iska. In kwalba ce da ba ta huduwa, a kwantar da ita, a rufe bakin da ƙyallen tsohon gyale shara-shara a ɗaure. Kada ya kuskura ya yanko gidan sauro ya rufe da shi, na yanzu da magani a jikinsu, kashe shi zai yi. Haka fiya-fiya, maganin sauro na kunnawa, turaren wuta, da maganin feshin gona, duk a nisanta su. A sa masa guntun kara da busasshen ganye don hawa da ɓuya.

Yana son haske, don da ido yake ci, amma rana kai tsaye a kan rufaffiyar kwalba tanda ce. Na taɓa barin wata a bakin taga da hantsi cikin watan Afrilu na shiga aji. Kafin in fito ya naɗe ƙafafunsa, ya mutu. Har yau in na tuna sai na ji ba daɗi, domin ni na tsare shi a inda ba zai iya gudu ba. Inuwa mai haske ake nema, ƙarƙashin rumfa ko gindin bishiya, a kan abin da kaji ba sa kaiwa. Saboda kiyashi, ya ɗora mazubin a faranti mai ɗan ruwa.

Ruwan sha ɗigo ɗaya ne a jikin bango, ko 'yar auduga mai laima da za a riƙa sauyawa. Ba a sa masa ruwa a murfi, ta ƙasan ciki yake numfashi, ɗan ruwa kaɗan sai ya halaka shi. Abinci kuma sai mai rai, kuma kada ya fi shi girma: ƙuda, sauro, ƙaramin faɗa-wuta, sau ɗaya a kwana biyu ko uku. Na ƙananan, ya ajiye ɓawon mangwaro ko ruɓaɓɓen tumatir a gwangwani, 'yan mitsitsin ƙudajen da za su taru ya kife su da leda. Banda cinnaka da tururuwa, suna cizo. Cikinsa zai riƙa dubawa, in ya yi tim ya ƙoshi, in ya shafe yana jin yunwa. Kamu kuma ba da yatsa ba, a kifa masa kofi a zura takarda ta ƙasa.

Akwai lokacin da zai ga ya shige jakarsa ya toshe, ya ƙi abinci kwana da kwanaki. In ƙarami ne, saɓa zai yi kamar maciji, haka yake girma, sau da yawa kafin ya balaga. A lokacin jikinsa laushi ne, ko ƙuda na iya ji masa ciwo, don haka a fitar da duk abin da ke motsi a ciki, kada a girgiza, kada a yaga jakar don a leƙa. Da hunturu iska ta bushe, tsohuwar fatar takan maƙale har ya rasa ƙafa, sai a kula da laimar audugar nan. In kuwa babbar mace ce, wataƙila ƙwai ta yi, don sau da yawa ana kamo su da ciki. Ta Menemerus takan zuba 25 zuwa 40, ta Plexippus 35 zuwa 60, ta zauna gadinsu, 'ya'yan su fito bayan kamar mako uku. Ba zai iya ciyar da wannan rundunar ba. Ya ɗauki mazubin ya kai gindin danga, ya buɗe, ya bar su su watse. Ki kuma gaya masa tun yanzu cewa rayuwarsu gajera ce, shekara ɗaya zuwa biyu, wanda aka kamo da girmansa ma wataƙila 'yan watanni suka rage masa, don kada ya ɗora wa kansa laifi ranar da ya tarar da gawa.

Ki saya masa littafin rubutu na daban. Ya riƙa zana kowanne, ya rubuta ranar da ya kama shi, a ina, me ya ci, yaushe ya yi saɓa. Ya gwada kanga wa namiji guntun madubi ya rubuta abin da ya gani, yawanci ɗaga ƙafafun gaba yake yi yana tinƙaho, a zatonsa kishiya ne ya shigo masa. In malaminsu na da babbar waya, akwai manhaja mai suna iNaturalist da ake ɗora hoto masana su taimaka da sunan nau'in. Littafin nan ne zai nuna wa babansa nan da wata uku cewa ba shiririta ake yi a bayan rumbu ba.

Amma kada ki jira duk wannan kafin ki taɓa zuciyar yaron. Yau ɗin nan, in kin ga ya zauna shi kaɗai, ki wuce ta kusa da shi da aikinki a hannu, ba sai kin dube shi ba, ki ce, “Wai shi baƙin nan mai farin layi, me yake ci ne?” Ko bai amsa ba, ya ji. Ranar da babansa ya amince kuma, ki wanke kwalbar bama guda, ki ɗaure mata ƙyalle a baki, ki ajiye a gefen tabarmarsa kafin ya dawo daga makaranta.